Lambar da Ke Wuyan Sukkar

A faɗi gaskiya tun da wuri: Dakta Lado tsoron kyanwa yake yi. Ba irin tsoron gudu da ihu ba, irin wanda babba kan ɓoye a cikin gyaran murya da goge tabarau. Mutum ya yi shekara shida a Zariya yana karatun likitan dabbobi, ya yi wasu goma sha ɗaya a dazuzzukan Gusau yana kayar da bijimai yana yi musu allura, sai ga shi a Jidda wata 'yar halitta da ba ta kai nauyin mudun gero biyu ba tana sa tafin hannunsa gumi. Shi dai hujjarsa ita ce, sa in zai harbe ka sai ya sanar da kai, ya karkata kunne, ya yi huci. Kyanwa kuwa tana lumshe ido take tsaga maka fata.

Wannan tsoron ne ya koya masa wata 'yar ɗabi'a. A asibitin dabbobi na Abu Hamad da ke unguwar Safa, cikin ayyukan da ake yi har da dasa shariha: wani ɗan abu ne kamar ƙwayar shinkafa, ana tura shi da allura mai kauri a ƙarƙashin fatar wuya, yana ɗauke da lamba. In an ɗora na'ura a wuyan, sai ta yi ƙara lambar ta fito a gilashi. Ƙa'ida ita ce a gwada sharihar tana cikin ledarta, a kuma sake gwadawa bayan ta shiga jiki. Gwajin farko Lado bai taɓa tsallake shi ba, tunda leda ba ta yaƙushi. Na biyun kuwa, lokacin kyanwa ta sha allura ranta ya gama ɓaci, sai ya ce wa Nomau mai riƙe masa dabba, "Mayar da ita keji." Ya ɗauki biro ya yi alama a gurbin da aka rubuta an gwada.

Shekara tara ke nan yana wannan asibiti. Marasa lafiya da masu su duk Dakta suke ce masa, amma iƙamarsa, wato katin izinin zamansa a ƙasar, ba ta yarda ba. A layin sana'a an rubuta makiyayi, saboda lokacin da Abu Hamad, kafilinsa mai tsaya masa wurin hukuma, ya ɗauko shi, bizar makiyaya ce kawai a hannunsa. Lasisin da ke rataye a bango na wani Dakta Saleh ne, wanda kan leƙo ranar Alhamis ya sa hannu a tarin takardu, ya sha shayi, ya tambayi ko kowa lafiya. Shi kuma makiyayi doka ba ta ba shi damar kawo iyali ba. Matarsa Shatu tana Gusau. Fasfonta na farko ya mutu a cikin akwati ko hatimi ɗaya bai sha ba, ta sake na biyu. Kowace shekara Abu Hamad sai ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Bayan Idi, ya Dakta, insha Allah." A wannan shekarar ta 2010 kuwa maganar canja masa sana'a a iƙama ta yi kusa da gaske: takardun karatunsa na Zariya sun dawo da duk hatiman da ake nema, an ajiye su a aljihun teburin Abu Hamad, saura sa hannunsa kaɗai. Har Shatu ta fara tambayar ko ana samun kuka a Jidda ko ta taho da tata.

Ranar wata Laraba da safe aka shigo da Sukkar, farar kyanwa mai gashi buzu-buzu da fuska kamar an danne ta da faranti. Mai ita wata budurwa ce, Rakiya, wadda ta samu gurbin karatu a Turai, saura kwana goma sha biyu ta tashi. Tare da ita akwai mahaifiyarta, Ummu Othman, da yayanta Othman, dogon saurayi mai farar jallabiya da ta sha guga, makullin mota yana yawo a yatsarsa. Wata bakwai da suka wuce Lado ya dasa wa Sukkar shariha, ya yi mata allurar haukan kare, ya ɗebi jininta aka aika waje aka gwada, aka jira watannin da doka ta ce. Duk takardun nan lamba ɗaya ce ta ɗaure su, wadda ke wuyan kyanwar. Yau takardar ƙarshe kawai suka zo karɓa.

Nomau ya riƙe ta. Dattijo ne ɗan Tasawa, gemu ja da lalle, hannuwansa duk zanen farce kamar taswira. Lado ya ɗora na'ura a wuya. Shiru.

Ya gangara kafaɗa. Ya bi ƙafafun gaba, ya bi haƙarƙari, ya sa Nomau ya kifar da ita ya bi ciki. Ya sake batir. Ya ɗauko sabuwar shariha a leda ya gwada, na'ura ta yi ƙararta lafiya lau, kamar mai yi masa dariya. Ya koma kan Sukkar. Shiru. Suka shiga da ita ɗakin hoton ƙashi, hoto ya fito: ga ƙwayar shinkafa nan fara tas tsakanin kafaɗu, daidai inda ya kamata, tana kwance abinta. Ta mutu kawai. Yakan faru, ɗaya cikin dubbai.

"To yanzu me ake yi?" in ji Othman da Larabci.

Lado ya goge tabarau. Ya ce a dasa sabuwa, a rubuta lambobin biyu. Sai dai allura da gwajin jini an yi su ne da sunan tsohuwar lamba, kuma babu yadda za a nuna wa mutanen can cewa wannan kyanwar ce waccan. Komai sai an sake daga farko. Wata huɗu, in an yi sauri.

Rakiya ta rungume kyanwa ta fashe da kuka. Othman bai ɗaga murya ba, ya dai tambaya, "Wa ke da alhaki?" A nan ne uwar ta juya fuska bango ta ce can ƙasa-ƙasa, cikin Hausa tsantsa, "Wayyo ni, wannan wace irin masifa ce." Lado da Nomau suka dubi juna. Lado ya sake duba katin Sukkar. Sunan gidan a ƙarshen layi, Hausawi. Wata bakwai katin yana hannunsa bai lura ba.

Alhaki kuwa, ashe abu ne mai santsi. Abu Hamad ya ce na kamfanin da ya ƙera ne. Aka buga wa dillalin da ke da sito a Madinar Masana'antu, ya ce a karanta ƙananan rubutun bayan kwali: in shariha ta mutu, kamfani zai ba da wata kyauta. Ya ma ce a aiko direba ya karɓi biyu. Abu Hamad ya ajiye waya ya dubi Lado.

"Hoto ya nuna ka dasa daidai. Takarda ta ce ka gwada. Dakta Saleh ya sa hannu. Halas, magana ta ƙare. Kai dai ka yi shiru, ƙaddara ba ta da adireshi."

Da Lado ya bi wannan shawara, da labarin ya ƙare a nan. Amma da la'asar, yana wanke hannu, Nomau ya jingina tsintsiya ya ce, "Likita, mutanenmu na fa. Ɗiyar nan ta yi kuka gabanmu. Bon, ko ba laihinmu ba ne, a tahi gida a ba tsohuwa haƙuri kamar yadda aka saba. Mi za a rasa?"

"Baba Nomau, waɗannan Larabawa ne da katin ɗan ƙasa."

"Kati na Larabawa, kuka na Hausa. Ba ka jiya ba?"

Ranar Juma'a bayan la'asar suka nufi Bagdadiyya, inda gidan yake, tsohon gini a bayan wasu ofisoshi. Lado ya sa babbar rigarsa da ba ta fitowa sai Idi. A leda akwai goro, da kilishin da wani alhaji ya kawo masa yana ta tattali, da ƙullin daddawar da Shatu ta aiko.

Othman ne ya buɗe. Ya kai su falo, ya zauna a gefe saboda uwarsa ba za ta zauna da baƙin maza ita kaɗai ba, ya zuba musu gahawa, ya koma kan wayarsa. Nomau ya ce masa, "Samari, ina wuni?" Ya yi murmushi ya ce, "Ahlan, ya ammi."

"Ku rabu da shi," in ji Ummu Othman tana shigowa, lulluɓe da baƙin mayafi. "Wannan bakinsa ya mutu. Ko ruwa ka ce ya faɗa, sai ya ce luwa. Duk haka suke, 'ya'yan yanzu. Marhaba, marhaba, kun sha hanya."

Hausarta tsohuwa ce, irin wadda Lado bai ƙara ji ba tun rasuwar kakarsa, ga Larabci yana faɗowa a tsakiya kamar tsakuwa a shinkafa. Kakanta, in ji ta, daga Kazaure ya taso a ƙasa, shekara bakwai yana hanya, ya yi noma a Sudan, ya haifi ubanta a bakin teku. Da ta kwance ƙullin daddawa ta kai hanci, sai hawaye ya taho mata. Ta goge ido da gefen mayafi.

"Warin ɗakin uwata," ta ce. "Allah ya yi muku albarka."

Nomau ya gyara zama ya yi jawabin ban haƙuri yadda ake yinsa, da salati a gaba, da tunatarwa cewa bawa ba ya wuce abin da aka rubuta masa. Tsohuwa ta ɗaga hannu tun bai kai ƙarshe ba.

"Halas, ya akhi. Kyanwa ce fa, ba mutum ba. Rakiya za ta yi kukanta ta gama, ni zan riƙe mata ita har ta zo hutu. Na yafe, duniya da lahira. Ku sha gahawa."

Aikin da ya kawo su ya ƙare. Nomau har ya fara laluben takalminsa da ido. Sai Ummu Othman ta juya ga Lado ta ce, "Kai fa, ɗana, ina iyali? Suna nan Safa tare da kai?"

Shekara tara a garin nan, an tambaye shi iƙama, an tambaye shi fasfo, an tambaye shi ko kare zai iya cin dabino. Ba a taɓa tambayarsa ina iyali ba, cikin harshensa, da muryar da ke jiran amsa. Ya ce suna Gusau. Ta ce subhanallah, me ya hana? Sai ya faɗa mata. Ya faɗi fasfon Shatu da ya mutu a akwati. Ya faɗi bayan Idi da bayan Idi. Har ya zaro iƙamar daga aljihu ya nuna mata layin sana'a, yana dariya, irin dariyar da ya saba yi wa kansa shi kaɗai a ɗaki.

"Kin gani, Hajiya? Makiyayi. Ni da na yi wa kyanwarku aiki, a takarda ko akuya ban isa in yi wa allura ba."

Nomau ya yi tari. Ya sake yin tari. Lado bai ji ba, ya riga ya hau gangara. Tunda tsohuwa ta yafe duniya da lahira, ya ga bai kamata ta yafe abin da ba ta sani ba.

"Kuma in gaya miki tsakani da Allah, ranar da na dasa, ban sake ɗora na'ura ba. Ban taɓa yi ba. Tsoronsu nake ji."

"Tsoron wa?"

"Kyanwoyi."

Ummu Othman ta yi dariya har da riƙe ciki. "Ƙato da kai! Ya salam! Likitan bisa mai tsoron bisa!" Lado ma ya yi ta dariya, hawaye yana bin gefen tabarau. Rabonsa da jin sauƙi irin wannan ya manta. Ta sa aka ƙulla musu dabino, ta ce ranar da Shatu ta sauka lallai a kawo ta ta yi mata tuwo.

Othman ya raka su ƙofa. Ya ba Nomau hannu. Ya ba Lado hannu, ya riƙe bai saki da wuri ba, sannan ya ce da Hausa, a hankali, yana ɗaga kowace kalma kamar mai ɗaukar bulo, "Sai an jima, makiyayi."

A mota suka kama hanya har suka wuce gada. Can Nomau ya ce, "Tsohuwa ta ce bakinshi ya mutu. Ba ta ce kunnenshi ba."

Ranar Asabar, farkon mako, motar Othman ta riga Lado isowa asibiti. Awa ɗaya suka yi a ofis da Abu Hamad, ƙofa a rufe. Da Othman ya fito ya wuce Lado a baranda ya yi masa sallama cikin ladabi. Sai aka ce Abu Hamad yana kira.

Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi, da ya fi. Yana zaune yana juya casbaha, ga takarda guda a gabansa an buga ta da Larabci.

"Na ce ka yi shiru, ya Lado." Yau babu Dakta. "Ka ɗauki goro ka tafi ka ba su wuƙa."

"Tsohuwar ta yafe."

"Tsohuwa ba ita ke rubuta ƙara ba. Ɗanta ya ce ko dai mu ba shi abu biyu, ko gobe ya kai wa hukuma cewa makiyayi yana aikin likita a asibitina, yana kuma cika takarda da ƙarya. Ka san ma'anar wannan? Ni a rufe min wuri. Kai a tsare ka, sannan a sa ka a jirgi."

Abu na farko da Othman ke so, takardar tafiyar Sukkar, da tsohuwar lambarta, kamar ba abin da ya faru. Wannan Dakta Saleh zai sa mata hannu ranar Alhamis, cikin tarin da ya saba. Na biyu, in aka kama kyanwar a can aka tsare ta, yana son takarda a hannunsa mai sunan wanda ya jawo. Ita ce wannan da ke kan tebur. Lado ya karanta da Larabcinsa na asibiti, yana bin layi da yatsa. Ni, ma'aikaci wane, mai sana'ar kiwo, wanda aka ɗauka don share kejin dabbobi, na dasa shariha da kaina ba da sanin hukumar asibiti ba, ba ni da ilimin yin haka, kuma ban gwada ta ba.

"Ba ni da ilimin yin haka," ya maimaita.

"Magana ce ta takarda."

"Takarduna na Zariya suna cikin aljihun teburin nan da kake jingine a kai."

"Suna nan, ba abin da ya same su."

"To maganar canjin sana'a fa? Ka ce bayan Idi."

Abu Hamad ya buɗe hannuwa, da fuskar mutumin da aka zalunta. "Ya Lado, ka yi min adalci. Ta yaya zan kai takardar likita da sunan mutumin da ya sa hannu cewa shi ba likita ba ne? In takardun biyu suka haɗu a tebur ɗaya fa? Bari ƙura ta kwanta. Shekara biyu, uku. Kuma ba zan iya barinka a nan ba, yaron zai riƙa leƙowa. Ina da garke a hanyar Usfan, tumaki ɗari huɗu da raƙuma. Wallahi sun fi buƙatarka. Kai da ma ba ka son kyanwa."

Lado ya tsaya yana kallon biron. Ya yi tunanin ƙin sa hannu. Ya ga kansa yana sauka a Kano da leda ɗaya da tambarin kora a fasfo, yana da shekara arba'in da tara, ya je Gusau ya ce wa Shatu kyanwa ce ta koro shi. Ya yi tunanin komawa wurin tsohuwa ya faɗi a gabanta. Sai ya tuna wa zai buɗe ƙofa, wa zai zuba gahawa. Ya sa hannu. Hannun ma da ya saba sawa ne, mai Dr a gaba, sai da Abu Hamad ya sa aka sake bugo takardar Lado ya sa wani babu Dr ɗin.

Da azahar ya kira Shatu daga bayan asibiti, inda injinan sanyaya ɗaki ke huci.

"An ɗan ɗaga maganar," ya ce.

"Zuwa bayan Idi?"

"Zuwa dai gaba kaɗan."

Yana jin kaji a tsakar gida, da rediyon maƙwabta. "Kukar da na daka, in raba wa mutane ke nan," ta ce. "Malam, fasfon nan saura masa shekara ɗaya da wata biyu. In ya mutu ba zan sake zuwa layin hoto ba. Na gaji da yi wa akwati kwalliya."

Ya ce Allah ya kai mu. Ta ce amin, irin amin ɗin da ake rufe ƙofa da shi.

Garken yana bayan wani dutse, tafiyar awa ɗaya daga gari: rumfar kwano, tankin ruwa, da wasu Sudanawa biyu da suka karɓe shi hannu bibbiyu, suka nuna masa katifarsa. A mako na farko ya warkar da kofaton tumaki talatin, ya karɓi haihuwar raƙuma, ya gano abin da ke kashe 'yan raguna. Aikin yana masa daɗi, wannan ne ya fi ba shi haushi. Sudanawan suka fara ce masa Dakta, ya ce su bari.

Bayan mako uku, ranar Juma'a, Nomau ya biyo motar da ke kawo dusa ya zo duba shi. Suka zauna a inuwar tanki. Ya kawo masa tabarau ɗinsa na karatu da ya manta a aljihun farar riga, da labarin asibiti: an ɗauko wani sabon likita, yaro ne, yana sumbatar kyanwoyi a goshi. Rakiya ta bugo wa uwarta waya daga can, uwar kuma ta aiko direba da dabino a ba Dakta, tana tambaya me ya sa ba a ganinsa.

"Kyanwar fa?" in ji Lado. "Sun tsare ta?"

Nomau ya ɓare goro, ya miƙa masa rabi.

Sukkar ta tashi ranar da aka tsara, da tsofaffin takardunta. A filin jirgin nan da na can, babu wanda ya ɗora mata na'ura a wuya.